Ɗigo Uku a Cokali

Daminar bana ta cika shekara tara da rasuwar Malam Nuhu, kuma har yau ban taɓa yi masa addu'a da natsattsiyar zuciya ba, irin wadda ake yi wa mamacin da aka rabu da shi lafiya. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro in cika shafi guda da yabonsa, in karanta in ga ban faɗi komai ba, in ninke takardar in cusa ƙarƙashin kanta a shagona. Bana dai na ɗau alkawari sai na kai ƙarshe, ko da abin da zai fito ba zai yi mini daɗi ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Nuhu ɗan Gubuchi ne, malamin kimiyya ne a wata sakandare ta yankinmu har ya yi ritaya. Ni kuma sunana Garba, ina da ɗan kantin magani, kemis, a Makarfi. Tare muka yi firamare. Ya girme ni da shekara biyu, shi ya sa har furfura ta kama mu duka ni Malam nake ce masa, shi kuwa Garba yake kirana, ba ƙari.

Da ya ajiye aiki kowa ya ɗauka noman rake zai koma, kamar sauran tsofaffin ma'aikata a wajenmu, ko ya shiga harkar mazarƙwaila. Sai ga shi ya ɗauki wata ƙatuwar tukunyar dalma ta girkin biki ya kai wa wani mai walda a Kudan. Aka huda murfin aka liƙa masa bututu, bututun ya ratsa ta cikin duro cike da ruwan rijiya, ya ɓullo ta ƙasa. Ya girka abinsa a bayan gida, ƙarƙashin rumfar kara. Mutanen unguwa suka yi ta raɗa. Wasu suka ce karatu ne ya taɓa shi, wasu ma suka ce Allah dai ya sa ba giya yake dafawa ba.

Ranar da na fara zuwa gani, tun hantsi ya danƙara ganyen itacen turare a tukunyar, irin dogayen nan da aka jera a bakin titi, ya zuba ruwa, ya liƙe bakin murfin da taɓo, ya hura wuta. Muka zauna muna kallon bakin bututu yana ɗiga a cikin kwalba har aka kira azahar. Abin da ya taru a saman ruwan bai kai kaurin yatsa ba. Na kwashe da dariya na ce, Malam, ai itacen da ka ƙona ya fi wannan daraja. Ya yago takarda, ya ɗiga man nasa a gefe guda, ya ɗiga man gyaɗa a ɗaya gefen, ya ce mu tafi masallaci. Da la'asar muka duba: tabon man gyaɗa yana nan daram, ɗayan kuwa ya ɓace, sai ƙamshi.

"Ka gani ko, Garba? Wannan ba maiƙo ba ne," in ji shi. "Ƙamshin ganyen ne da ƙarfinsa, tururi ya kwaso su, sanyin ruwa ya sauke su. Buhu guda ka ga na zuba, cokali guda ya fito. To duk wanda ya shafa cokalin nan a jikinsa, buhu guda ya shafa."

Bai taɓa cewa shi ya gano wani abu ba. Yakan ce iyayenmu mata sun riga shi: su ne ke tafasa ganyen turare a lulluɓa da zane a yi sirace in mura ta kama mutum, su ke rataye ɗoɗɗoya a ɗaki saboda sauro, su ke cusa kanumfari a kogon haƙori mai ciwo. Abin da ya bambanta, in ji shi, ganye yana da iyaka, ba mai iya tauna buhu. Shi kuwa mai, ba shi da wannan iyakar, sai dai mutum ya sa masa. Saboda haka ya kafa dokokinsa, kuma ba ya sassauta su ga kowa, ko mai unguwa ne. Ba a shafa man zalla. Ɗigo uku ake sawa a babban cokali na man riɗi ko narkakken man kaɗe. Kafin a shafa a jiki, a ɗan goga a cikin dantse a jira kwana guda, in wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi a haƙura. Ba a sha. Ba ya zuwa kusa da ido. Mai ciki ta bari sai ta tambayi asibiti. Ƙananan yara kuwa, ko kusa da hancinsu kada a kai shi. Kuma a zuba a kwalba mai duhu a ɓoye daga rana.

Da haka mutane suka fara zuwa. Masu saran rake da ƙugunsu ya riƙe, matan da aikin tumatir a fadamun Ikara ya farfasa musu hannu, tsofaffi masu faso a diddige. Ya ƙara da ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemun tsami, wadda man cikinta ke korar sauro na ɗan lokaci, amma duk wanda ya ba wa sai ya ja masa kunne kada ya kuskura ya cire gidan sauronsa. Ya gwada na'a-na'a, ya gwada kanumfari, ya kira ni da murna kamar yaro don in ga yadda man kanumfari ke nutsewa ƙasan ruwa maimakon ya taso. In wani ya zo da zazzaɓi ko tarin da ya daɗe, ba ya ba shi ko ɗigo, sai ya ce wannan ba aikin ƙamshi ba ne, a tafi asibiti. Wasu su tafi suna gunaguni, wai malamin nan ba ya son a yabi kayansa.

Ina yawan tuna wannan yanzu in 'ya'yana suka nuna mini abin da ke yawo a waya. Za ka ga mace ko namiji an sha ado, an jera ƙananan kwalabe, ana rantsuwa cewa wannan yana narkar da ƙari, wancan yana wanke mahaifa, a ɗiga a shayi a sha safe da yamma. Ba mai ambaton cokali, ba mai ambaton jira. Nakan tambayi kaina, da Malam yana raye me zai yi? Wani lokaci ina ganin zai sa ɗalibansa su koya masa wayar ya shiga ya yi ta jayayya da su har hawan jininsa ya tashi. Wani lokaci kuma ina ganin shiru zai yi, domin shirun ne ya zaɓa a ƙarshen rayuwarsa, kuma ni na jawo.

Ga yadda aka yi. Ni na matsa masa ya bar ni in riƙa ajiye man a kantina, don mutanen ƙauyuka sun fi zuwa Makarfi ran kasuwa. Ya yi ta ja da baya, daga bisani ya yarda, amma sai man da shi ya haɗa da hannunsa, a kwalabensa masu duhu, kowace da takardar bayani a ɗaure a wuya, da boko da ajami. Kayan suka karɓu. Sai dai mutanenmu suna son abu mai zafi. Aka riƙa ce mini na Malam ba shi da ƙarfi, a shafa ba a ji raɗaɗi ba. Na koma na ce masa wahalar ta yi masa yawa, ya riƙa ba ni zallan, ni zan haɗa, ai na san awon. Ya dube ni ya ce, "Saboda kai ne." Da farko na riƙa haɗawa daidai. Sannan na mayar da ɗigo uku goma. Masu saye suka yi ta yabo. Daga nan wanda ya nace yana son na ainihi, sai in tsiyaya masa zallan. Kwalaben Malam suka ƙare, ban so in koma in nema ya gane yawan abin da nake fitarwa, sai na wanke kwalaben maganin ruwa na yara da suka tara ƙura a bayan kanta, na riƙa zubawa a ciki. Ko takardun jikinsu ban gama ɓarewa ba.

Wata ran kasuwa wani manomi daga Janfalan, Haruna, ya sayi guda saboda ƙirjinsa da ya cushe. Kanti a cike yake, ina miƙa masa ina sallamar wani, iyakar abin da na ce shi ne a shafa kaɗan. Ya kai gida ya ajiye a taga, washegari da sassafe ya tafi gona. 'Yarsa mai shekara biyu tana tari. Kakarta ta ga kwalba irin wadda ta saba gani ana ba yara, har da ragowar hoton jariri a jiki, ta tsiyaya a ƙaramin cokali ta ɗura mata. Kafin a gama wanke kwanukan karin kumallo yarinya ta fara tangaɗi, idanunta suka kakkafe, jikinta ya hau jijjiga. A kan babur aka kai ta asibiti, uwar tana rungume da ita tana kururuwa. Kwana uku ta yi ba a san inda za ta faɗa ba. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi.

Da yammacin ranar farko Malam ya shigo kantina. Ya jira mutane suka ragu. Ya zagayo bayan kanta da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ga jerin kwalaben. Ya ɗauki guda ya buɗe ya shinshina.

"Garba, a kwalbar yara?"

Na ce, "Malam, na gaya masa shafawa ake yi."

"Ita tsohuwar fa, ka gaya mata?"

Ya kwashe kwalaben duka ya zuba a jakarsa ya fita. Daga nan asibiti ya wuce. Ya sami ma'aikatan ya gaya musu ainihin abin da yarinyar ta sha, don su san da me suke fama. Ya zauna a benci tare da Haruna har kwana ukun suka cika. Duk wanda ya tambaya, amsarsa guda: man nawa ne, a tukunyata aka dafa shi. Bai ƙara kalma ɗaya ba. Haruna ya san a wurina ya saya, amma ya ɗauka haka Malam ke kawo mini su. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Saulawa, ya kai Kudan: malamin Gubuchi guba yake dafawa, ya kusa kashe 'yar mutane. Aka kira shi gaban manya ya sha faɗa yana durƙushe, mutumin da ya koyar da rabin 'ya'yansu. Ni ina kantina. In aka zo da zancen sai in girgiza kai in ce, Allah dai ya kyauta. Na gaya wa kaina ina da iyali, in sunan kemis ya ɓaci shi ke nan, shi kuwa yana da fansho.

Ya ɓalle bututun da kansa. Tukunyar aka toshe hudar murfinta ta koma girkin biki. Shekara uku muka yi bayan haka, muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, mu gaisa gaisuwa mai tsawo, ina gida, ina iyali, ina gajiya, ba wanda ya kalli idon wani. Bai taɓa tona ni ba, kuma bai sake zama a bencin ƙofar kantina ba. Da ya zage ni a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi.

Da ɓarin jikinsa ya shanye na je duba shi a Gubuchi. Na tarar da mai ɗakinsa, Malama Rabi, tana murza masa hannun da ya mutu da man kaɗe zalla, ba ko ɗigon ƙamshi, a gidan da a da tun daga zaure ake jin tashin na'a-na'a. Da ta fita na matsa kusa na ce, Malam, ka yafe mini. Bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar, sai da na kai kunnena.

"Ni na yafe tun tuni," ya ce. "Amma ba ni za ka gaya wa ba."

Na gane abin da yake nufi sarai. Na ce to, in sha Allahu. Bayan wata biyu ya cika, ana tsakiyar ruwa, muka kai shi ƙafafunmu suna nutsewa a laka. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. A wurin zaman makoki na ji wani yana cewa, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, in ban da wancan kuskuren. Na sunkuyar da kai na ce amin.

Shekara tara ina ɗauke da wannan. Ba zan ce komai na yau lalatacce ba ne. Akwai 'yan mata a Ikara da ke haɗa sabulu da man ciyawar lemun tsami, suna auna shi da hankali, suna rubuta abin da ke ciki a jikin kowane ƙulli, kuma na tabbata da Malam ya gan su da ya yini a wurinsu yana tambayoyi. Amma duk lokacin da na ga ƙaramar kwalba ba takarda a hannun mai goyo, sai 'yar Haruna ta faɗo mini a rai. Na sha buɗe baki in yi magana, sai in tuna wane ne ni, in yi shiru.

Sati uku da suka wuce, ran kasuwar Makarfi, wani baƙo ya faka mota kusa da 'yan citta, ya ɗora lasifika a kan rufi, yana tallan man turare na ainihi, a shafa, a shaƙa, a ɗiga wa yaro a nono in yana tari. Wata mata da goyo ta miƙa hannu ta karɓa. Ban san lokacin da na ratsa taron ba. Na ce, baiwar Allah, don girman Allah kada ki ba yaron nan, ko hancinsa kada ki kai. Mai motar ya juyo da lasifikar kaina, ya ce ga masu kemis nan, baƙin ciki suke yi da maganin gargajiya. Aka yi dariya. Sai wani dattijo mai sayar da igiya, da nufin ya taimake ni, ya ɗaga murya ya ce a ji maganar Garba, ai an taɓa yi a nan, wani malami a Gubuchi ya dafa irin wannan ya kusa kashe yarinya a Janfalan.

Na ce, "Baba, ba shi ba ne."

Ya ce, "Kamar yaya ba shi ba? Ai da bakinsa ya amsa."

Na ce, "Ni ne. Shi ya hana a sayar da shi zalla. Ni na zuba a kwalbar maganin yara, ni na miƙa wa uban yarinyar. Malam Nuhu rufa mini asiri ya yi, ni kuma na bar shi ya mutu da sunan."

Dattijon ya dube ni, ya ce innalillahi, ya juya ya koma kan igiyarsa. Matar ta tsaya tana jujjuya kwalbar a hannunta. Ba ta mayar ba, ta dai ƙulle ta a bakin zane ta shige cikin mutane. Ban san abin da ta yi da ita a gida ba, kuma wannan ma ya shiga cikin abubuwan da ke hana ni sukuni.

Washegari na hau babur na tafi Gubuchi, don kada Malama Rabi ta ji a bakin wani. Ta tsufa, ido ya yi rauni. Muka gaisa, na durƙusa daga bakin ƙofa na zayyana mata komai. Ta bar ni har na gama.

"Malam Garba, ai na sani," ta ce. "Tun ranar ya gaya mini. Na ce zan fita in faɗa wa duniya, ya ce in na yi bai yafe ba, wai ya fi so ka faɗa da kanka, kuma za ka faɗa. Na ce ba za ka faɗa ba. Shekara goma sha biyu ke nan ina ganin ni ce da gaskiya." Ta share ido da gefen mayafi. "Ashe shi ne."

In aka tambaye ni yau me ya rage na Malam Nuhu, ba ni da abin nunawa da yawa. Littattafan da ya cika da awo da zane gara ta cinye rabi. Ba wanda ya gaji aikin, 'ya'yansa duk sun kama wasu hanyoyi, kuma ban ga laifinsu ba bayan abin da suka ga an yi wa ubansu. Abin da ya rage shi ne halinsa: mutum ne da ya san ƙarfin abin da ke hannunsa, ya ji tsoronsa a madadin waɗanda ba su sani ba, kuma da abin ya ɓaci ya tsaya a gaba ya ɗauka, ko da ba nasa ba ne. Sai kuma sunansa, wanda ni na ɓata, kuma ba mai iya wanke shi sai ni. Saboda haka ina roƙon duk mai karanta wannan a Makarfi da Ikara da Kudan, in ka ji an ambaci malamin Gubuchi mai dafa guba, ka gyara wa mai maganar. Ka ce masa kwalbar ta Garba mai kemis ce. Allah ya haskaka kabarin Malam, ya saka masa da abin da mu muka kasa saka masa.

Saura gida ɗaya. An ce mini Haruna yana nan a Janfalan, tsohuwar da ta ɗura maganin kuwa ta rasu tana zargin kanta da wani malami da ba ta taɓa gani ba. Ranar Juma'a bayan an sauko zan rufe kanti in tafi. Sau uku ina shirya abin da zan ce ina rushewa, kuma ban sani ba ko zai bar ni in wuce zaure.